Ba Kowane Zafin Ƙirji Ne Ƙwannafi Ba

A ƙasar Gure, in mutum ya ji ƙirjinsa na zafi, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne kanwa. Ga ta nan a kwarurukan Muniyo, ba tsada. Sai a jiƙa a sha, a ce ƙwannafi ne. Sau da yawa kuwa ƙwannafin ne. Amma akwai wani zafin da kanwa ba ta maganinsa. Shi ne wanda ke kama magidanci yana tsakiyar noma, ko yana hawan tudun rairayi da kaya a ka. Yana zuwa da nauyi, kamar an aza buhun hatsi a ƙirji. Wani lokaci ya gangara hannun hagu, ko ya hau wuya da muƙamuƙi. In an zauna an huta kaɗan, sai ya lafa. Wannan zuciya ce ke kukan jini bai ishe ta ba.

Ƴan uwanmu masu lambu za su fi saurin gane zancen. Zuciya tsoka ce mai tura jini ko'ina a jiki, amma ita ma tana da nata jijiyoyin da ke shayar da ita, kamar yadda magudana ke kai ruwa fangali. In rairayi ya cike magudana, fangalin ƙarshe shi ke fara yaushi. Haka kitse ke taruwa a jikin jijiya shekara da shekaru har ta matse. Hawan jini, ciwon suga da shan taba suna hanzarta wannan ɓarna, yawan gishiri da kanwa kuma suna ƙara hawan jini. Ranar da gudan jini ya toshe jijiyar gaba ɗaya, naman zuciya zai fara mutuwa cikin kamar rabin awa. Wanda ya mutu kuwa ba ya sake tohowa.

To, yaya likita zai san abin da ke cikin ƙirji ba tare da ya tsaga ba? Kowane bugu da zuciya ke yi, wani ɗan lantarki ne ke tashe shi. Lantarkin kaɗan ne ƙwarai, amma yana isowa har fata. Akwai na'urar da ke ɗaukarsa ta zana shi a takarda, ma'aikatan lafiya suna ce mata ECG. Ana manna wa mutum waya goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu. Daga nan na'urar ke duban zuciya ta kusurwa goma sha biyu.

A takardar, kowane bugu yana fitowa da ɗan tudu, sai tsini mai tsawo, sai ɗan miƙaƙƙen layi, sai wani tudun. Wannan ɗan layin da ke bin tsini shi likita ya fi zuba wa ido. In ya nutse ƙasa da inda ya kamata, alama ce naman zuciya na jin ƙishi. In ya ɗaga sama, galibi jijiya ta toshe ke nan, kuma babu sauran jira. Kusurwar da ta nuna canjin ita ke faɗin ɓangaren zuciyar da abin ya shafa.

Mun san akwai masu tsoron wayoyin nan. Na'urar ba ta sa wa mutum wuta, saurare kawai take yi. Ba allura, ba jini, kuma cikin minti biyar an gama. Mu ma dai mun samu sauƙi. Na'urar da Willem Einthoven, wani likitan ƙasar Holand, ya harhaɗa a 1903 ta kai kilo 270, mutum biyar ke aiki da ita, majinyaci kuwa sai ya tsoma hannuwa da ƙafa a bokitin ruwan gishiri. Ta yau yaro ma zai ɗauke ta.

Sai dai takarda mai kyau ba ta wanke mutum sarai. In an gwada shi bayan zafin ya wuce, zanen yana iya fitowa lafiya lau. Shi ya sa likita kan maimaita gwajin, ko ya haɗa da awon jini. In ya ce a jira a sake, a jira.

Zafin da ya wuce minti ashirin bai lafa ba, ko ya zo da gumi mai sanyi, amai ko haki, ba na kwana a gida ba ne. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga wani lokaci hakin da kasala kaɗai suke ji. Kada mai ciwon ya taka da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa likita mafi kusa, a tambaya ko akwai na'urar. In babu, a karɓi takardar turawa. Daga Gure zuwa babban asibitin Damagaram ya fi kilomita 150, awowin farko kuwa su ne lokacin da magani ya fi ceton naman zuciya.

Wanda aka taɓa yi wa gwajin ya adana takardarsa. Zanenta yana kodewa a rana da zafi, don haka a ninke ta cikin littafin asibiti, a kuma ɗauki hotonta da wayar hannu. In ciwon ya dawo, likita zai jera tsohuwar da sabuwar ya ga abin da ya sake.