Kare-karen Harshen Turanci a Birtaniya

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo sun san wannan abu. An tashi wasa, an miƙa wa ɗan wasa makirfo, Turanci yake yi ba shakka, amma wanda ya ci jarrabawar Turanci da kyakkyawan sakamako sai ya kasa kunne, ya kama kalma ɗaya uku su kuɓuce masa. Steven Gerrard da Jamie Carragher 'yan yankin Liverpool ne, Alan Shearer ɗan Newcastle, David Beckham daga gabashin Landan, Alex Ferguson kuwa a unguwar Govan ta birnin Glasgow aka haife shi. Rubutunsu ɗaya, bakinsu daban. Tsibirin Birtaniya bai kai rubu'in faɗin Najeriya ba, tsakanin Liverpool da Manchester ma tafiyar kilomita 50 ce ko kusa da haka, amma da mutumin ɗayan garin ya buɗe baki an san daga inda ya fito.

Dalilin yana cikin tarihi. Turanci bai taɓa zama abu guda ba, balle a ce daga baya ne ya tarwatse. Ƙabilun Angle da Saxon da Jute, waɗanda suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmark tun ƙarni na 5, kowacce da irin bakinta ta zo, kowacce kuma ta kama nata yankin. A ƙarni na 9 mayaƙan Viking suka mamaye arewa da gabas, suka yi sarauta a York, suka bar kalmominsu a bakin mutanen wurin. Bayan haka aka shafe ɗaruruwan shekaru talaka yana rayuwa yana mutuwa a ƙauyen da aka haife shi. Duk sauyin furucin da ya ɓullo a Landan sai ya rarrafa zuwa arewa a hankali, wani ya isa, wani ya tsaya a hanya. Shi ya sa ɗan Newcastle na asali har yau yake kiran gari "tuun" da gida "huus", kamar yadda kowa yake faɗa shekaru ɗari shida da suka wuce, kafin mutanen kudu su mayar da su "taun" da "haus". Bakin Liverpool shi kuma ɗan bana ne in an gwama shi da wannan. Tashar jiragen ruwa ce ta haife shi, musamman bayan yunwar da ta auka wa Ireland daga 1845, wadda ta koro dubban mutane zuwa birnin, ga kuma 'yan Wales da ke maƙwabtaka.

Yawancin bambancin a wasula yake. Ɗan arewacin Ingila yana furta kalmar motar bas da wasalin "u", na kudu da wani abu mai kama da "a". Kalmar wanka, "bath", gajeren wasali gare ta a Leeds, dogo a Landan. Harafin "r" na ƙarshen gaɓa ya faɗi daga bakin Landan tun wajen ƙarni na 18, amma yana nan daram a Scotland da Ireland da kudu maso yammacin Ingila, da kuma yawancin Amurka. Talakan gabashin Landan, wanda ake kira Cockney, yakan haɗiye "h" ta farkon kalma, ya mayar da "th" ta zama "f", sannan ya sauya "t" ta tsakiyar kalma da tsayawar maƙogwaro. Wannan sautin ba baƙo ba ne ga Bahaushe, shi ne hamzar da ke cikin "sa'a" da "jama'a".

To, wane ne Turancin da aka koya mana a makaranta? Shi ne wanda malaman harshe ke kira RP, jama'a kuma su ce Turancin Sarauniya ko na BBC. Ba bakin wani gari ba ne, bakin masu hali ne. Ya ginu a kan furucin kudu maso gabas, ya kafu a makarantun kwana na 'ya'yan manya irin su Eton da Harrow, da jami'o'in Oxford da Cambridge. Masanin harshe Daniel Jones ya tsara shi a ƙamusunsa na furuci a 1917, BBC kuma, wadda aka kafa a 1922, ta ɗora shi a kan iska. A 1974 masanin harshe Peter Trudgill ya ƙiyasta cewa kashi 3 cikin ɗari kacal na mutanen Birtaniya ke magana da shi. Kowa na jinsa, kaɗan ke yinsa. Kusan haka Kananci ya zama tushen daidaitacciyar Hausa, ba don Sakkwatanci ko Katsinanci sun gaza ba.

A nan ne batun fahimta ya shigo, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure. Suna ɗauka RP ya fi sauran fita sarai ne a halittarsa. Gaskiyar ita ce kunne ya saba da shi. Ɗan Glasgow ya tashi yana jin bakin Landan a rediyo da talabijin kullum, don haka yana fahimtarsa ba wahala. Ɗan Landan kuwa yana iya girma bai taɓa zama da ɗan Glasgow ba. Fahimtar ta zama mai tafiya hanya ɗaya. A watan Oktoba na 2018, a zauren majalisar dokokin Birtaniya, ɗan majalisa David Linden na Glasgow ya yi tambaya kan sauƙaƙa wa naƙasassu shiga ginin. Ɗan majalisa Paul Beresford, haifaffen New Zealand, wanda shi ne zai amsa, sau biyu yana kasa gane abin da aka ce, har aka ba da shawarar a amsa a rubuce. Fim ɗin Trainspotting na 1996, wanda labarinsa ya faru a Edinburgh, sai da aka sake naɗar muryoyin farkonsa kafin a nuna shi a Amurka.

Abin da ya fi damuna shi ne sau da yawa "ban gane ba" tana ɓoye "ban ɗauke ka da daraja ba". A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, BBC ta sa Wilfred Pickles, mutumin Yorkshire, ya karanta labarai, wai don ya yi wa Jamusawa wuyar kwaikwayo. Masu sauraro suka yi ta aiko da ƙorafi, alhali babu kalmar da ta ɓace musu. A 1970 wani mai bincike, Howard Giles, ya auna yadda mutane ke kimanta kare-karen, RP ya zo sama, bakin biranen masana'antu irin su Birmingham ya zo ƙasa. Da aka maimaita irin wannan bincike bayan kusan shekaru 50, jerin bai sauya sosai ba. Mai neman aiki da bakin Birmingham yana shiga ɗakin ganawa da nauyin da ba shi ya ɗora wa kansa ba, wannan kuwa zalunci ne.

Kare-karen ƙauye suna ja da baya. Tsakanin 1950 da 1961 Harold Orton na Jami'ar Leeds ya tura masu bincike ƙauyuka 313 suka tattara maganar tsofaffi, yawancin kalmomin da suka samo jikokin waɗannan tsofaffi ba sa amfani da su yanzu. Na birane kam ba su mutu ba. A Landan ma sabon baki ya ɓullo a unguwanni irin su Hackney, inda 'ya'yan mutanen Jamaica da Afirka ta Yamma da Bangladesh da Turawa suka tashi tare. Ya ture bakin Cockney zuwa Essex, ya kuma dawo da "h" ɗin da Cockney ta yar.

Likita ko ma'aikaciyar jinya da ta bar Kano zuwa wani asibiti a Sunderland takan tarar da wannan duka a makon farko. Ta ci jarrabawar Turancin da aka gindaya mata, amma tsoho mai ciwon ƙirji ba da Turancin jarrabawa yake faɗin inda ke masa zafi ba. Dole ta ce ya maimaita, shi ma ya ce ta maimaita, domin nata bakin baƙo ne a kunnensa. Yawanci cikin 'yan watanni kowannensu yakan gane inda ɗayan ke ajiye wasulansa.