YARAN BIYANA MASU YAWON WAƘA: YADDA SUKE KWANA DA TASHI BISA HANYA

A Biyana, babban birnin ƙasar Otirish, can tsakiyar Turai, akwai wata ƙungiyar yara maza wadda sunanta ya game duniya. Su kamar ɗari ne, daga ɗan shekara 10 zuwa ɗan shekara 14. Aikinsu biyu, karatu da waƙa. An raba su kashi huɗu, kowane kashi yara wajen 25, kuma kowanne da sunan wani tsohon gwanin kiɗa na ƙasar: Bruckner, Haydn, Mozart da Schubert. In an haɗa wasannin kashin huɗu, suna kai wajen 300 a shekara. Kowane yaro yana yin sati 9 zuwa 11 bisa hanya, nesa da uwa da uba.

MAFARIN TAFIYA

Ƙungiyar tsohuwa ce ƙwarai. Ana lissafin shekarunta daga 1498, lokacin da sarki Maksimiliyan na Ɗaya ya yi umurni a sa yara cikin mawaƙan majami'ar fadarsa. Shekara ɗari huɗu da ɗoriya yaran suna ƙarƙashin fada, fada ke ci da su, fada ke tufatar da su. A 1918, bayan yaƙin duniya na farko, sarauta ta faɗi, aka rasa mai ɗaukar nauyinsu.

Wani fada mai suna Josef Schnitt, shugaban majami'ar, bai yarda abin ya mutu ba. A 1924 ya sake tara yara da kuɗin aljihunsa. Da kuɗin suka yi ƙasa, sai ya fitar da su suna waƙa a gidajen wasa, ana biya. Daga nan yawo ya soma. Sun je Amurka a 1932, sun je Japan a 1955. Wato talauci ne ya fitar da su daga gida, ga shi hanyar ta zame musu gado.

A zamanin Schnitt ne kuma suka bar kayan soja na fada suka koma kayan matuƙan jirgin ruwa, shuɗi da fari, da hula. Abin dariyar shi ne, Otirish ta yau ba ta da teku ko taƙi ɗaya, kamar dai Nijar. Dalilin ba wuya: irin kayan ke tashe a lokacin, yara da yawa suna da su a gida.

SHIRI

Tun 1948 mazauninsu wani tsohon gidan sarauta ne da ake ce wa Augarten. Nan suke kwana, nan suke lakkwal, nan suke koyon waƙa awa biyu kullum. Shekarar karatu kashi uku ce: biyu a aji, ɗaya a hanya. Saboda haka abin da sauran ƴan lakkwal ke koyo cikin shekara, su sai sun haɗiye shi cikin kashi biyu. Ba a kwashe yaran duka a tafi. Dole kashi ɗaya ya zauna don waƙar Lahadi a majami'ar tsohuwar fada.

Kafin a tashi, sai waƙoƙi sun zauna a ka. Akwai na addini da Latin, akwai na gargajiya da Jamusanci, akwai kuma na ƙasar da za a sauka. Yaro ɗan shekara 11 zai haddace waƙar Japan ko ta Koriya alhali bai iya gaisuwa da harshen ba. Mutanen gari kuwa ba abin da ke kama ransu kamar su ji baƙo ya rera tasu.

Manyan da ke rakiya ba su da yawa. Akwai malamin waƙa, shi ke kaɗa fiyano, shi ke ba da hannu. Akwai masu reno, su ne uwa, su ne uba har a dawo. Paspor da magani da kuɗin kashewa duk suna hannunsu.

YINI GUDA BISA HANYA

Da safe mai reno ke bin ɗakunan otel yana ƙwanƙwasa ƙofa. A wanke ido, a karya kumallo, kowa ya haɗa akwatinsa da kansa. Sai a leƙa ƙarƙashin gado, don yaro ba ya rasa mance takalmi ko safa. A bakin kar a ƙidaya kai. In an tsaya shan iska, a sake ƙidayawa. Mai kiwon yara 25 a ƙasar da ba tasa ba, ƙidaya ce sallarsa ta farilla.

Rabin rayuwar tafiya cikin kar take. A Amurka, inda gari da gari ke da nisa, ana iya yini ana gudu. Wasu su yi barci, wasu karta, wasu karatu, wasu su dafe gilashi suna kallon gonakin mutane. Abin da ba a so shi ne ihu. Muryar ita ce jari, kuma ba a sayen wata a kasuwa. Don haka ake naɗe wuya in ana sanyi, ake yawan shan ruwa, ake gudun mura kamar yadda makiyayi ke gudun ciwon bushiya a garke. In ta kama ɗaya, kafin sati ta zagaye kar.

In an isa gari, a ci abinci, a kwanta kaɗan. Da la'asar sai gidan wasa, a gwada murya, domin kowane zaure da yadda yake mayar da sauti. Wani yana ƙara shi, wani yana shanye shi. Malami ya nuna wa kowa inda zai tsaya, ya tabbatar wanda zai rera shi kaɗai yana da lafiya. In ba shi da ita, wani na nan a shirye.

Da dare a sa kayan jirgin ruwa, a taje kai, a fito a jere. Yaron da ɗazu yake faɗa da ɗan'uwansa kan kujerar bakin taga, ga shi tsaye kamar an dasa shi, mutum dubu ko fiye sun yi tsit suna saurare. Bayan wasa a sha tafi, a ɗauki hoto, a koma otel. Gobe wani gari.

Ba kullum ake waƙa ba. Akwai ranakun hutu, a kai su gidan namun daji, ko bakin teku, ko su buga ƙwallo. Yaron da ya yi shekara huɗu a ƙungiyar ya ga ƙasashen da ubansa bai taɓa takawa ba.

KEWA DA HAƊARI

Dare shi ne lokaci mai wuya, musamman ga sabon shiga. In an kashe fitila, sai yaro ya tuna gida. A da sai wasiƙa, ta yi kwanaki kafin ta isa. Yanzu akwai tarho da intanet, amma jin muryar uwa wani lokaci ƙara kewa yake. Galibi manyan yara ke lallashin ƙanana, don su ma sun sha wannan kuka.

Hanya kuma ba ta da tabbas. A 1939 wata ƙungiyar yara ta Biyana, daban da wannan, mai sunan Mozart, tana ƙarshen yawonta a Ostareliya sai yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Yara 20 suka rasa hanyar gida. Babban limamin Katolika na Melbon, Daniel Mannix, ya karɓe su, ya raba su gidajen mutane, suka zama mawaƙan majami'arsa. Malaminsu Georg Gruber an tsare shi. Da yaƙi ya ƙare yaran sun zama samari, kuma kusan dukansu can suka zauna.

Wani haɗarin a cikin gida yake. A 2010 wasu tsofaffin ƴan ƙungiyar sun faɗa wa jarida cewa an ci zarafinsu a shekarun baya. Shugabannin suka buɗe layin tarho don mai ƙara ya kira. Duk inda aka damƙa ɗan wani a hannun wani, amana ce, kuma tana son ido.

Ga kuma zancen kuɗi. Yawancin abin da ke riƙe gidan daga wasannin nan yake fitowa. A 2020, da annobar korona ta rufe iyakoki, aka soke tafiye-tafiye, ƙungiyar ta shiga matsi har ta nemi taimako. Mutane suka gane cewa ƙananan kafaɗu ne ke ɗauke da babban gida.

RANAR DA MURYA TA FASHE

Komi gwanintar yaro, akwai ranar da ke jiransa. Wajen shekara 13 ko 14 maƙogwaro ya girma, siririyar muryar ta fashe, ba ta dawowa. Schubert kansa, wanda ya shiga a 1808 yana da shekara 11, haka ta same shi a 1812. Wanda jiya sarakuna suka tafa wa, yau ya ninke kayan jirgin ruwa ya ba na baya.

Shi ya sa ba a wasa da aji. Tun 2010 an buɗe babbar lakkwal a Augarten inda samari da ƴammata ke ci gaba da karatu da waƙa. Wasu kan zama mawaƙa ko malaman kiɗa. Da yawa kan kama wata sana'a dabam, likita, ko injiniya, ko ɗan kasuwa. Murya aro ce ta shekara huɗu. Abin da yaro ke fita da shi shi ne karatunsa, da sanin zama da mutane, da iya haɗa akwatinsa ba tare da an tashe shi sau biyu ba.