4.3 Makomar Bayanan Gyara na Taurarin Ɗan'adam ga Ma'aikatan Awon Ƙasa a Arewacin Zamfara

4.3.1 Gabatarwa

A wannan sashe za a yi bayani a kan bayanan gyara, wato ƙarin bayanan da ake aika wa na'urar GPS domin rage kuskurenta, da kuma inda wannan hidima ta dosa a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi.

4.3.2 Dalilin Buƙatar Gyara

Na'urar GPS tana gano wuri ne ta hanyar lissafa lokacin da saƙon taurari ya ɗauka kafin ya iso gare ta. Saƙon kan sami jinkiri a wani sashe na sararin samaniya mai cajin lantarki, sannan agogon tauraro da hanyar da yake bi ba su rasa ɗan kuskure. Saboda haka, ko bayan da Amurka ta daina gurɓata saƙon da gangan a watan Mayu na 2000, na'urar hannu kan kauce da 'yan mitoci. Wannan bai dami matafiyi ba. Amma ga safiyo mai shata iyakar gona da burtali, ko mai raba fadama a bakin gulbin Gagare ko Bunsuru, mita uku ta isa ta kai maƙwabta gaban alƙali.

4.3.3 Hanyoyin Samun Gyara

Hanya ta farko ita ce ta tashoshin ƙasa. Tasha ta san ainihin inda take, don haka tana iya auna kuskuren ta aika wa safiyo ta layin wayar salula, awo ya daidaita har zuwa 'yan santimita. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa irin waɗannan tashoshi a 2008, ciki har da ta Zariya da ta Birnin Kebbi. Sai dai gyaran yana raunana idan aka yi nisa da tasha, kuma kowacce daga cikin biyun ta yi wa Ƙaura Namoda nisan fiye da kilomita 150. Haka kuma, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali, wannan hanya takan yanke baki ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce gyaran ya sauko daga tauraro kai tsaye. Tauraron Nijeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disamba 2011, yana ɗauke da kayan wannan aiki. A Satumba 2020 hukumar ASECNA, mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a ƙasashen Afirka da dama, ta fara watsa bayanan gyara ta kansa. Irin wannan kan rage kuskure zuwa kusan mita ɗaya. Bugu da ƙari, a Janairu 2023 Tarayyar Turai ta buɗe hidimar gyara kyauta ta taurarin Galileo, da burin kai kuskure ƙasa da santimita 20.

4.3.4 Naɗewa

Bisa ga abin da ya gabata, wannan nazari yana ganin hanya ta biyu ce za ta fi amfanar yankin, domin ba ta jiran tasha ko layin waya. Amma akwai sharuɗɗa uku. Na farko, shekara 15 aka tsara wa NigComSat-1R, don haka ɗorewar hidimarsa ta rataya a kan wanda zai gaje shi. Na biyu, sai an sami na'urori masu karɓar saƙo ta zango biyu ko fiye, waɗanda suka fi jure hargitsin sama da ke yawaita a yankunan zafi bayan faɗuwar rana. Na uku kuwa shi ne horar da ma'aikata, wanda ya kamata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda ta sa hannu a cikinsa.