Mene Ne Abincin Bahar Rum?

Likitoci na yawan ambatonsa idan ana maganar ciwon zuciya. Cimar mutanen gaɓar Bahar Rum ce, irin su Girka, Italiya da Maroko: man zaitun, kifi, wake, alkama da ganyaye. Jan nama sai jefi-jefi. A 2010 UNESCO ta sanya wannan cima cikin al'adun duniya.

Gidajen abinci da yawa a can na iyali ne. Uwa na madafa, uba na karɓar kuɗi, yara na kai wa baƙi faranti. Abin da aka samo a kasuwa da safe shi ake dafawa.

Abin da ya dame su shi ne man zaitun. Farin da aka yi a Sifaniya a 2022 da 2023 ya ninka farashinsa, ƙananan gidajen kuwa su suka fi jin jiki.