Deltametirin: maganin ƙwari na gona da na sange

Idan wake ya fara fure, ƙwari ma sun samu abinci. Lokacin ne manoma ke zuwa kasuwa neman maganin feshi. Haka masu garka suke yi da rani, saboda tumati da shu da kuɓewa. Ɗaya daga cikin magungunan da ake saye shi ne deltametirin. Wasu sun san shi da sunan Decis, wasu da sunan K-Othrine. Makiyaya sun san shi da sunan Butox, maganin kaska.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan magani shi ne kuma ake sa wa sange iri-iri da ake rabawa a likita. Magani ɗaya ne ke tsare wake da rana, yake tsare yaro da dare. Saboda haka yadda aka yi aiki da shi a gona ya shafi lafiyar gida.

Daga ina ya fito?

Akwai wani tsiro mai farin fure da ake nomawa a ƙasashen Kenya da Tanzaniya, sunansa piretir. Tun da daɗewa mutane suka gane garin furensa yana kashe ƙwari. Amma rana tana kashe ƙarfinsa da sauri. Sai masana suka yi ta neman su haɗa irinsa wanda zai jure rana. A wata cibiyar binciken noma ta ƙasar Ingila mai suna Rothamsted, wani masani, Michael Elliott, da abokan aikinsa suka yi nasara. A shekarar 1974 suka bayyana deltametirin.

Yana da ƴan'uwa da yawa: permetirin, da sipermetirin, da lamda-siyalotirin. Dukansu dangi ɗaya ne, ana ce musu piretiroyid. Gane su ba wuya. A kan kwalba, ƙarƙashin babban suna, akwai ƙaramin rubutu. Da Faransanci ana rubuta deltaméthrine. Duk sunan da ya ƙare da "thrine" ko "thrin", ɗan wannan dangi ne, kuma halinsu kusan ɗaya ne.

Yaya yake kashe ƙwaro?

Jijiya ce ke kai saƙo cikin jikin kowace halitta. A jikin jijiya akwai wasu ƴan ƙofofi da ido ba ya gani. Suna buɗewa, su rufe, saƙo ya wuce. Deltametirin yana tokare ƙofar, ya hana ta rufewa. Sai saƙo ya yi ta zuwa ba tsayawa. Ƙwaro ya kama makyarkyata, ya faɗi, ya mutu.

Ɗan kaɗan ya isa. Kwalbar da aka rubuta wa "25 EC" tana da giram 25 na maganin a cikin lita ɗaya. Ga shuke-shuke da yawa, rabin lita ya ishi eka ɗaya, wato fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Giram 12 da rabi ke nan na ainihin maganin, a duk wannan fili. Wanda ya ƙara bisa abin da aka rubuta, kuɗinsa ya ɓata, kuma ya ƙara wa kansa hatsari.

Me yake yi wa mutum?

Mutum ya fi ƙwaro jure shi nesa ba kusa ba. Jikin mutum babba ne. Fata ba ta barin da yawa ya shiga. Wanda ya shiga kuma hanta tana narkar da shi, ya fita cikin fitsari. Shi ya sa ake iya sa ɗan kaɗan a jikin sange, jariri ya kwana ciki lafiya.

Amma na cikin kwalba dabam ne, don shi ba a sirka shi ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa deltametirin a aji na 2, ajin guba mai matsakaicin hatsari.

In ya taɓa fata, musamman fuska, mutum yana jin ƙaiƙayi da zafi, kamar tururuwa na yawo a jikinsa. Zufa da rana da ruwan zafi suna ƙara abin. Galibi yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan ƙaiƙayi gargaɗi ne: magani ya taɓa jiki, akwai gyara wajen yadda ake feshi.

In aka shaƙe shi, yana kawo atishawa, da majina, da hawaye, da tari. Mai ciwon fuka ya fi wahala.

In aka sha shi, abin ya yi muni. Akwai amai, da ciwon ciki, da jiri, da dalalar yawu, da rawar jiki. In ya yi yawa, mutum yana iya shiɗewa, ya suma, har ya mutu. Ban da haka, ruwan da aka narkar da maganin cikinsa dangin kananzir ne. In ya faɗa huhu, yana ƙona shi.

A kula kuma: kwalabe da yawa haɗi ne, piretiroyid da wata guba dabam. Irin wannan haɗi yana iya fin deltametirin shi kaɗai hatsari. Piya-piya da ake sayarwa a ƴan kwalabe ba ya cikin wannan dangi. Gubarsa ta fi ƙarfi ƙwarai.

In tsautsayi ya faru

1. In ya zuba a jiki, a tuɓe tufafin nan take. A wanke jiki da ruwan sanyi da sabuni.
2. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15.
3. In an shaƙe shi, a fitar da mutum zuwa inuwa, inda iska ke kaɗawa.
4. In an sha shi, kada a sa mutum amai. Kada a ba shi nono, ko madara, ko mai. Maiƙo yana taimakon gubar ta shiga jini.
5. A kai shi likita da gaggawa, a tafi da kwalbar. Deltametirin ba shi da makari. Malamin likita yana duba alamun ciwon ne ya yi magani, kuma rubutun kwalbar zai nuna masa irin gubar da aka sha.

Kifi da zuma

Abin da mutum yake jurewa, kifi ba ya jure shi. Kifi yana ɗaukar maganin ta inda yake numfashi, kuma jikinsa ba ya narkar da shi da sauri. Wanke famfon feshi a bakin ƙaramin tabki ya isa ya kashe kifi. Masu garka a gefen tabkin Madarunfa, da Tabalak, da Gidimuni, da bakin kogi daga Yamai zuwa Gaya, ruwa ɗaya suke ci da masunta da makiyaya. Kuskuren mutum ɗaya hasarar gari ce.

Ƙudan zuma ma haka. Da hantsi suke bin furanni. In aka yi feshi a lokacin, suna mutuwa, amya ta koma wayam. Mai zuma ya yi hasara. Mai kabewa da kankana da mangwaro ma ya yi, don zuma ce ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan, shuka ta yi ƴaƴa.

A gona kuma akwai ƙwari abokan manomi: gizo-gizo, da zanzaro, da wasu ƙananan rina masu cin tsutsa. Deltametirin ba ya bambanta aboki da abokin gaba. Shi ya sa wani lokaci, bayan an yi ta feshi, sai ƙananan jajayen ƙwarin nan masu saƙa a bayan ganyen tumati da yalo su ƙaru. Maganin bai cika kashe su ba, amma ya kashe masu cin su.

A cikin ƙasa, maganin yana manne wa turɓaya, ba ya saurin gangarawa zuwa ruwan rijiya. Cikin ƴan makonni ƙarfinsa yana ƙarewa. Amma in ruwan sama ya kwashi ƙasar gona ya kai tabki, maganin yana bin ta.

Kyanwa ma ba ta jure wannan dangi, musamman permetirin. Kada a shafa mata maganin kaskar shanu ko na kare.

Sauro ya fara sabawa

A watan Disamba na 2005 da watan Maris na 2006, an raba sange mai magani fiye da miliyan 2 a duk faɗin Nijar, tare da rigakafin shan inna. Uwayen yara ƴan ƙasa da shekara 5 aka ba. Babban aiki ne na yaƙi da masassarar cizon sauro.

A shekarar 2008, masana na cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai suka bayyana abin da suka gani. Irin sauron da ke jure piretiroyid ya ƙaru a ƙasar.

Ga yadda abin yake faruwa. A cikin sauro masu yawa, akwai ƴan kaɗan da aka haifa da ƙofar jijiya wadda magani ba ya kamawa sosai. In magani ya zo, sauran su mutu, waɗannan su rage. Su ne za su hayayyafa, ƴaƴansu su gaji halinsu. Shekara bayan shekara, sai su fi yawa.

Feshin gona yana da hannu a ciki. Sauro yana ƙwai a cikin ruwan da ya kwanta a garka da fadamun shinkafa. In ragowar magani ta gangara can, tun yana tsutsa ake tace shi, mai ƙarfi ya rage. Da dare sai ya iske dangin maganin nan a jikin sange, bai ji tsoro ba. Tsutsar auduga, wadda ke huda tumati, ita ma ta yi irin wannan sabo a Afirka ta Yamma tun kafin shekarar 2000.

Saboda haka a 2017 OMS ta yarda da sange mai ƙarin wani sinadari, PBO, wanda ke karya juriyar sauro. A 2023 kuma ta ba da shawarar sange mai magani iri biyu. Duk da haka, kada kowa ya bar sangensa. Ko sauro ya saba da magani, sange marar huda katanga ne tsakaninsa da mai barci.

Me doka ta ce?

Ƙasashen Sahel na ƙungiyar CILSS, har da Nijar, sun yi yarjejeniya a 1992 su riƙa tantance magungunan ƙwari tare. A 1994 kwamitin masana mai suna CSP ya fara aiki a Bamako. An sabunta yarjejeniyar a 1999. Tsarin da aka kafa shi ne: a gwada magani, a duba amfaninsa da illarsa, sannan a ba shi izinin gwaji na shekara 3, ko cikakken izini na shekara 5. Izinin na shuka ne takamaimai. Maganin da aka yarda da shi don auduga, ba a yarda a fesa shi a salati ba.

A nan gida akwai doka mai lamba 2015-35 ta ranar 26 ga watan Mayu 2015, a kan kare tsirrai. Ta hana shigo da magani ko sayar da shi in ba shi da izini. Mai sayarwa ma sai da takardar yarda. Ma'aikatar kare tsirrai, DGPV, ita ke lura da wannan aiki.

Amma kasuwa ba ta bi doka ba tukuna. Ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, RECA, ta sha zagaya kasuwanni tana ƙidayar magunguna. Ta iske mafi yawansu ba su da izini. Wasu ana ɗura su a kwalbar lemo ko a leda, ba suna, ba awo. Mai sayen irin wannan bai san abin da ya kai gida ba.

Abin da za a duba a kwalba

Sunan ainihin maganin. Lambar izini. Shukar da aka yi shi dominta. Awo. Ranar da zai lalace. Kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka: ga kayan garka galibi kwana 3 ne zuwa 7, amma abin da aka rubuta shi za a bi. Daga ƙasa akwai zane mai launi. Ja, guba mai tsanani. Ruwan ɗorawa, mai hatsari. Shuɗi, a yi hankali. Tsanwa, mai sauƙi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Ƙa'idodin aiki

1. A duba gona tukuna. In ɓarna ba ta kai ba, kada a yi feshi.
2. A sa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da takalmin roba, da safar hannu. A rufe hanci da baki.
3. A yi feshi da marece, lokacin da iska ta kwanta, zuma ta koma amya. Maganin ma ya fi aiki da sanyi.
4. Kada a fuskanci iska. Kada a ci abinci, ko goro, ko a sha taba ana feshi. In bakin famfo ya toshe, kada a busa da baki.
5. Yara, da mace mai ciki, da mai goyo, ba sa feshi, ba sa wanke tufafin feshi.
6. Kada a maimaita dangi ɗaya kullum. Sauya Decis da wani mai "thrine" ba sauyi ba ne. Malamin gona zai nuna wani dangi, ko haɗin ƴaƴan dogon yaro.
7. In kwalba ta ƙare, a ɗauraye ta sau 3, a juye ruwan cikin famfo, a huda ta. Ba a zuba ruwa, ko mai, ko fura a ciki.
8. A ajiye magani nesa da abinci, inda yara ba za su kai ba.
9. Kada a zuba maganin feshi a waken ajiya. Buhu mai riɓi uku, PICS, wanda masana na INRAN a Maraɗi suka taimaka wajen yaɗa shi tun 2007, yana kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, don iska ba ta shiga.
10. Sabon sange a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. A wanke shi a kwano da sabuni, ba a tabki ba. Ba a kama kifi da shi.

Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi. Deltametirin ya ceci wake, ya ceci yara daga masassara. In aka yi ta watsa shi ba awo, ƙarfinsa zai ƙare a gona da ɗaka gaba ɗaya. Kafin a sayi kwalba, a tambayi malamin gona ko tana cikin jerin waɗanda ke da izini a bana.