Haɗa babur mara nauyi: aikin da ake yi kafin a kunce noti

A Ingila ta shekarun 1950 da 1960, wasu samari kan taru a wani wurin shan shayi da ake kira Ace Cafe, a bakin babbar hanyar da ta zagaye arewacin Landan. Burin kowannensu babur ɗinsa ya kai gudun mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160. Ba su da kuɗin sayen babur ɗin tsere, sai suka koma harhaɗawa. A ɗauko injin Triumph, a ɗora shi kan gangar jikin Norton, a cire duk wani ƙarfen da ba ya tsinana komai. Babur ɗin da ya fito suka raɗa masa suna Triton. Dabararsu ita ce har yau ake bi: idan ba ka da halin ƙara wa inji ƙarfi, to rage masa kayan da yake ja.

A wajenmu wanda ya fi dacewa da wannan aiki shi ne irin Honda CG125. A 1975 Honda ta fito da shi, kuma da gangan ta yi injinsa mai sauƙi, domin ƙasashen da ba a cika canja baƙin mai a kan kari ba. Kamfanonin Sin sun kwaikwaye shi ba adadi, shi ya sa kayansa suka cika kasuwanni irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Sai dai fa kama da wane ba ta wane. Kayan da suka yi kama a ido kan bambanta da milimita biyu ko uku, kuma wannan ya isa ya hana noti shiga. Ka tafi kasuwa da tsohon da ka cire a hannunka, ka tafi da bakaniken da ya san 'yan kasuwar.

Kafin nan, sai awo. A sa sikeli ƙarƙashin tayar gaba, a rubuta, a sa a ta baya, a haɗa lissafi. Duk abin da aka kunce a auna shi a rubuta. A nan mutum zai gane cewa nauyi ba ya inda ido ke zato. Madubi da murfin gefe ba su kai komai ba. Masu nauyin su ne salansa, batir, kariyar ɗaukar kaya, da jak ɗin tsakiya. Shi kansa fetur, kowace lita tana kai kusan giram 750, don haka babban tanki cike da mai kaya ne a kan babur. Batirin litiyam ya fi na ruwa sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, alminiyam kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin uku na nauyin ƙarfe mai girmansa.

Kuma ba kowane kilo ne daidai da ɗan'uwansa ba. Wanda aka rage daga ƙafafu, wato rim da taya, ya fi amfani, saboda su ne ke juyawa, su ne kuma ke tsalle a kowane rami. Ƙafa mara nauyi ta fi saurin komawa ƙasa bayan gargada, taya ta riƙe titi. Salansa kuwa tarko ce ga masu gaggawa. Da zarar an yanke ta ko an sauya ta, yadda inji ke shaƙa da fitar da hayaƙi ya canja, dole a sake saita kafireta, in ba haka ba inji ya riƙa zafi. Ga kuma maƙwabta da za su tsine wa mutum kowace asuba.

Akwai wuraren da ba a neman rangwame. Birki, taya, sarƙa da shokozoba a saye su sababbi masu kyau, ko da sauran kayan na kwance ne. Ba a huda gangar jiki don rage nauyi, ba a kuma bai wa mai waldan ƙofa aikinta. Lambar shasi da ta inji su yi daidai da takardu, kuma kowane babban kaya da rasit ɗinsa, domin injin arha da ba a san asalinsa ba yakan kai mutum caji ofis.

Sayayya kuwa da tsarinta: gangar jiki da inji tukuna, sannan ƙafafu da birki, sannan tanki da wurin zama, sai wayoyin lantarki. Fenti shi ne na ƙarshe, duk da shi rai ya fi so a fara da shi. A haɗa babur ɗin gaba ɗaya ba fenti, a murza kansa hagu da dama a ga ko yana bugun tanki, a hau a danna a ga ko tayar baya tana gogar sama. Sai komai ya zauna a sake wargaza shi, a kai wa mai fenti.