Shin Ƙasa Tana Gargaɗi Kafin Ta Girgiza?

A watan Satumban 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi, kudancin Jihar Kaduna, gidaje suka tsattsage. Mazaunin Hanwa ko Samaru na iya tambaya: ana sanin girgiza kafin ta zo?

Wasu masana na ganin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, idan suka matsu, sukan fitar da siginar lantarki da maganaɗisu. Faransa ta harba tauraron DEMETER a 2004 domin bibiyar wannan sigina. Sai dai har yau ba a taɓa fayyace ranar wata babbar girgiza da wurinta ta wannan hanya ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, duk saƙon da ya yanka maka ranar girgiza, kada ka yaɗa shi. Musulunci ya umarce mu da tantance labari, kuma firgita al'umma da ƙarya zunubi ne. Allah Ya kiyaye mu.